Mai Wanke Ƙoƙunan Rutilio

Rutilio Venegas ya rasu wata Talata a farkon damina, yana da shekara sittin da tara. Mun raka shi makwancinsa da badujalar gari kamar yadda ake yi wa kowa a San Ciriaco, sai dai mai busa babban ƙaho bai kai ƙarshen waƙar ba, kuka ya ci ƙarfinsa. Tun daga ranar kowa yake faɗin alherin da ya riƙe. Mu da muka yi wasan ƙasa tare da shi, abin da ya fi zama mana a rai shi ne wanda ya faru shekara uku kafin rasuwarsa. Rabinsa a gabanmu aka yi. Ragowar shi ya ba mu da bakinsa, yana dariya yana goge ido da bayan hannu.

Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, damatsansa duk tabon ƙayar magei, tsiron nan mai kaurin ganye da ake yin giyar meskal da shi. A aji uku ya bar makaranta, mahaifinsa Don Apolinar ya shigar da shi rumfar meskal da ke bakin rafi, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa. Sau biyu sa'o'insa suka ja shi su tafi arewa neman aiki. Na farko ya ce sai bayan girbi. Na biyu ya kai tasha da jakarsa, ya tuna ya bar jiƙo yana tashi a baho, ya juyo gida. Ya auri Gudelia, wadda ke kiransa Tilo, yana da ashirin da biyar. Sun haifi uku, mazan suna arewa, macen, Amparo, tana aikin asibiti a Oaxaca.

Aikinsa aikin kowa ne a garinmu. A saro magei a aske ganyen, a gasa kawunan a rami kwana biyar, a daka su da tabarya a kwamin katako, a jiƙa a baho a bar shi ya tashi, sannan a ɗora a tukwanen ƙasa a tsiyaye shi sau biyu. Wanda ya fara ɗigowa ta bakin bututun gora shi ne kai, zafi gare shi kamar garwashi. Bayansa jiki, shi ake nema. Daga nan sai wutsiya, mai rauni da tsami. Kowa ya san wannan. Abin da ya raba wani da wani shi ne sanin lokacin da za a janye tulu daga ƙarƙashin gorar, kuma a nan babu wanda ya kama ƙafar Rutilio. Ka miƙa masa ƙoƙo ido rufe, ya ɗan tsotsa, ya riƙe a baki, ya saki numfashi ta hanci, sai ya gaya maka daga wane tsauni aka saro magein da irin icen da aka gasa shi. Ban taɓa ganinsa a buge ba, haka ma sauran abokansa. Ya kan ce wanda ya bugu ya daina jin abin da yake sha.

Idan an sauke sabo, maƙwabta kan taru a rumfar mai shi ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Mai tukunya ya ɗan zuba wa ƙasa nata, ya sha ƙoƙon farko, ya ce, "Ya yi." Sai ya faɗi haka sannan wani ya kai baki. Mata kuwa ba sa shiga rumfa. Akwai turke a bakin hanya, nan suke ajiye abinci, nan suke dawowa su kwashe kwanuka da ƙoƙuna. Ba wanda ya taɓa kafa doka a kai, haka muka tarar.

Duk Lahadin da Rutilio ya sauke, Melitón ne ke fara zuwa. Rumfarsa tana ƙetaren rafi, shi ya riƙe Amparo ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre, kuma shekara arba'in bai taɓa yabon meskal ɗin Rutilio ba.

"Kompadre," in ji shi, yana yatsine fuska, "wannan na sha ne ko na kashe kaskar awaki?"

"Miƙo min kayana, tunda bakinka ya saba da ruwan wankin tukunya."

"A'a, bar shi. Ƙara min ma, kada ya kashe wani mai amfani."

Haka suke har tulu ya yi rabi.

Sai shekarar da ciwon nan ya zaga duniya. Ya kwantar da rabin gari, ya tafi da mutum goma sha huɗu. Rutilio ya yi mako uku a kwance ya tashi. Ranar da ya fara fita tsakar gida, Gudelia ta miƙo masa kofi da kirfa, ya kurɓa, ya ji ruwan zafi kawai. Ya ce a ransa jiki ne bai dawo ba. Ya jira mako, ya jira wata. Ya murza ganyen lemu a hanci, babu komai. Wata rana ya faki idon mutane ya tauna ɗanyen barkono, harshensa ya yi zugi, hawaye suka zubo, amma ɗanɗanon barkonon bai zo ba.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da aiki da abin da ya rage masa. Kunnensa yana nan, in ya kara shi a jikin baho yana jin jiƙon yana tsuwa. Idonsa ma yana nan, ya zuƙo meskal a karan gora ya sake shi cikin ƙoƙo ya duba kumfar. Sai dai kumfa ƙarfi kawai take nunawa, ba ta san daɗi ba.

Da ya sauke na farko bayan ciwon, muka taru. Ya zuba wa ƙasa, ya sha, ya ce, "Ya yi." Muka sha. Ba zan ɓoye ba, wutsiya ta shiga ciki sosai, tsaminsa har maƙogwaro. Kowa ya sunkuyar da kai. Melitón ya daɗe yana kallon cikin ƙoƙonsa, sannan ya ce a hankali, "Ya yi daɗi, kompadre."

Rutilio ya ce mana daga baya, da Melitón ya mare shi da ya fi masa sauƙi.

To akwai wasu magei a kan dutsen da ke bayan maƙabarta, irin na dawa da ake kira tepestate, masu fitowa a tsagar dutse inda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka. Don Apolinar ne ya nuna masa su shekarar da zai rasu, lokacin ba su wuce faɗin faranti ba. Ya ce, "Ni ba zan ga waɗannan ba. Naka ne, kada ka yi musu gaggawa." Shekara ashirin da shida Rutilio yana hawa duba su, yana cire musu ciyawa, yana korar masu kiwo. A daminar da ta biyo bayan ciwonsa tara daga cikinsu suka tsiro da sandar fure. Ya hau ya datse sandunan don zaƙin ya koma ciki. Daga nan watanni kaɗan suka rage. Ko a sauko da su kafin rani ya ƙare, ko su ruɓe a inda suke. In kuwa ya sauko da su ya ɓata, babu wasu.

Watanni suka yi ta wucewa, adda tana rataye.

Wata safiya yana zaune a kicin yana dangwalar wake da tortiya, gurasar masarar da muke ci, Gudelia tana bakin murhu. Mace ce marar yawan magana, siririya, kitsonta biyu har gadon baya, duk sun yi fari.

"Tsoho, yaushe za a sauko da na kan dutse?"

"Da saura."

"Da saura ina? Shekaranjiya na hau neman ice, na ga ƙwaro ya fara huda ɗaya."

Ya ci gaba da ci.

"Yaya waken?"

"Da daɗi, kamar kullum."

"Babu gishiri a ciki. Yau kwana goma sha ɗaya ban sa maka ba."

Ya ajiye tortiyar a hankali. Mutumin da in gishiri ya gaza da ɗan yatsa ɗaya sai ya yi magana. Ya kalli kwanon, ya kalli bango, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Gudelia," in ji shi, "da ruwa da kananzir duk ɗaya ne a bakina."

"Na sani. Tun ranar da na ƙona miya ka ce a ƙara maka."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ka faɗa da kanka. Sai na ga za ka bar na Baba su ruɓe kafin ka buɗe baki."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ce ya nemi Melitón ya ɗanɗana masa. Ya ce gara su ruɓe. Ta ce to ya kira ɗaya daga cikin yaran. Ya ce wanne, mai shan giyar gwangwani ko wanda ya daina sha gaba ɗaya? Ta goge hannu a zaninta.

"To ni zan ɗanɗana."

Duk da halin da yake ciki sai da ya yi dariya. "Ke? Ke da ko a biki ba kya karɓar ƙoƙo?"

"A gaban mutane ba na karɓa. Shekara arba'in da ɗaya wa ke wanke ƙoƙunanku? Ka ɗauka ragowar da kuke bari kaji nake zuba wa?"

Ya saki baki yana kallonta.

"Na shekarar da aka haifi Amparo hayaƙi ya yi masa yawa, don ka bar rami ka gudo ganin jaririya. Na shekarar ambaliya ƙasa-ƙasa yake, sabbin tukwane ka sa ba ka dafa su da ruwa ba tukuna. Wanda ya fi duka shi ne na bikin ƙanwarka. Na bara kuwa, Tilo, Allah ya yafe maka."

Duk yadda ta faɗa haka yake. Ya ce mana ya ji kamar ya yi shekara arba'in yana kwana da baƙuwa, kuma baƙuwar ta fi matarsa ban sha'awa.

Mako ya zagayo muka hau dutsen da igiyoyi da jakuna, mu shida, Melitón ma yana ciki yana ta mita game da gwiwarsa. Takwas muka samu, ɗayan ƙwaro ya gama da shi. Aka gasa, aka daka, aka jiƙa. Ba mu san komai ba a lokacin. Mun dai lura kullum da tsakar rana Rutilio kan ɗebi jiƙon a ɗan gora ya ɓoye ƙarƙashin hula ya nufi gida, muka ɗauka tsufa ne. Can a kicin ita ce ke lasa ta ce, "Da sauran zaƙi, ba shi kwana biyu." Shi kuma ya koma ya kara kunne a baho, ya ga maganarta ta zo daidai da abin da yake ji.

Amma janye tulu ba a aika shi gida. Tsakanin jiki da wutsiya ba ya wuce lokacin da za a gasa tortiya uku, kuma daga rumfa zuwa gida hawa ne mai nisa. Don haka ranar tsiyaya ta biyu ya sallami kowa, ya ce na mahaifinsa ne, shi kaɗai yake son ya yi. Da hantsi Gudelia ta iso da kwandon abinci, ta tsaya a turke kamar kullum.

"Shigo mana."

"Ina zuwa." Ta duba hanya hagu da dama, ta gyara mayafinta, ta yi alamar gicciye, sannan ta tsallako. Ta tsaya tana kallon tukwanen da ke jere a kan murhu. "Ashe haka wurin yake da ƙazanta. Shekara nawa rabon nan da tsintsiya?"

"Ba shara na kira ki ba, tsohuwa."

Ya hura wuta kaɗan kaɗan, gora ta fara ɗiga. Ya tara a ƙoƙo ya miƙa mata. Ta tsotsa, ta yi tari har da dafa ƙirji.

"Wayyo Allah! Wannan ai man goge farce ne."

"Kai ne. Bari ya wuce."

Ita ba ta san kalmomin rumfa ba, da na kicin take magana, shi kuma yana juya su a ransa. Ta ce zafin ya sauka daga hanci ya koma ƙirji, sai ya sa tulun kirki. Ta ce yanzu kamar ɗanyen barkono ne wanda aka cire wa 'ya'ya. Can ta ce akwai wani abu kamar dutse in yayyafi ya fara taɓa shi. Duk bayan ɗan lokaci ya tara ya miƙa, ta lasa ta faɗa, shi ya zuƙa a kara ya duba kumfa. Kumfar ta yi zobe mai kyau a bakin ƙoƙo ta tsaya cak, irin wadda mahaifinsa ke so.

Rana ta kusa tsaka, ta lasa, ta sake lasa.

"Janye."

Ya duba kumfa. Zoben yana nan bai motsa ba. "Da saura. Dubi nan. Baba da sai ya ƙara rabin tulu."

"Ban ga Baba a nan ba. Ya fara warin jiƙaƙƙen tsumma, can ƙasa-ƙasa. Janye."

"Gudelia, kin san nawa ake samu a tepestate? Kowane ɗigo wata guda ne a kan dutsen can."

"Na ce ka janye."

Gora tana ta ɗiga cikin tulu. Ya kai ƙoƙon bakinsa don sabo, ya tsotsa, ya riƙe, ya saki numfashi ta hanci. Babu komai. Idonsa, wanda bai taɓa yi masa ƙarya ba, yana cewa a bari. Matar da ta shigo rumfa yau da safe tana cewa a janye.

"Tilo," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "ko ka yarda da ni, ko in koma turke in jira kwanukana."

Ya sunkuya ya janye tulun. Kaɗan ya zube masa a ƙafa.

Kwana huɗu suka yi a haka, tukunya bayan tukunya. A ta ƙarshe ko kumfar bai duba ba. Abin da aka samu duka tulu ɗaya da rabi ne.

Ranar Asabar ta ce masa, "Gobe ka sha ka ce ya yi, shi ke nan. Ba wanda zai sani. Ni ba na son surutun mutane." Ya ce to. Kuma da gaske ya yi niyyar yin haka.

Lahadi muka taru, mun fi ashirin, don labarin tepestate ya zaga har ƙauyukan ƙasa. Gudelia tana turke da tiren soyayyiyar fara da yankakken lemu. Rutilio ya cika ƙoƙo, ya zuba wa ƙasa nata, ya ɗaga sauran zuwa baki. Sai ya tsaya. Ya daɗe a haka har Melitón ya ce, "Kompadre, addu'a kake yi masa ko tsoronsa kake ji?"

Ya sauke ƙoƙon.

"Jama'a, ni ba zan iya ce muku ya yi ba. Tun da na tashi daga ciwon nan ba na jin ɗanɗanon komai. Bara ƙarya na yi muku." Ya juya wajen turke. "Wadda ta janye tulun nan ga ta can. Gudelia, zo."

Ta girgiza kai, ta ƙara riƙe tiren.

"Zo mana, tsohuwa. Hannuna ya gaji."

Ta ajiye tiren a kan turke, ta shigo tana kallon ƙasa, maza suna matsawa suna ba ta hanya. Dattawa biyu suka kife ƙoƙunansu a kan benci suka fita, ba su sake zuwa rumfar ba har ya rasu, kuma abin ya yi masa ciwo, don ɗayansu kawunsa ne. Gudelia ta karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ta tsotsa, ta riƙe, ta haɗiye.

"Ya yi," in ji ta, da ƙyar muka ji.

Melitón ya miƙa nasa aka zuba masa. Kafin ya sha ya nuna Rutilio da yatsa. "Ashe shi ya sa na bara! Tsohon banza, kwana biyu cikina yana kuka."

"Ai kai ka ce ya yi daɗi."

"Tausayinka na ji, na ɗauka mutuwa za ka yi."

Dariya ta ɓarke, har da masu goge ido. Melitón ya tsotsa. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Komadre, in kin gaji da wannan, tukwanena biyar ne, kuma rumfata a share take."

"Ka fara koyon wanke ƙoƙo tukuna, kompadre," ta ce, ta koma ta ɗauko farar ta shigo da ita har tsakiyar rumfa.

Ɗanɗanon bai dawo masa ba. Amparo ta kai shi wajen likitoci biyu a birni, suka ce a jira, ya jira. A shekara ukun da suka rage masa sun sauke sau bakwai, shi a wuta, ita a ƙoƙo, suna faɗa a kan tsintsiya. Ya rame, don abinci ya zama masa aiki, amma ban taɓa ganinsa da sakin fuska kamar a shekarun nan ba.

A wannan Lahadin, da la'asar, bayan kowa ya watse, ta tattara ƙoƙuna za ta tafi. Ya riƙo gefen mayafinta, ya zaunar da ita a bencin, ya zuba kaɗan ya miƙa mata.

"Gaya min yadda yake."

"Ai na gaya maka kwana huɗu."

"Wancan aiki ne. Yanzu sha nake son yi."

Ta tsotsa. Shi ya jingina da gungumen rumfa ya rufe ido. Ta ce da farko sanyi-sanyi yake a leɓe kamar ruwan randa, sannan ya buɗe, kore shar, kamar in an yanka ɗanyen barkono a ɗaki. Ta ce hayaƙin kaɗan ne, yana can baya, kamar na murhun maƙwabta. Ta ce bayan an haɗiye akwai wani ɗan zaƙi da ke tasowa wanda ba ta san sunansa ba, ya fi kama da...

"A hankali, tsohuwa," in ji shi, idonsa a rufe. "Kin yi sauri. Ban gama da barkonon ba."